Gilashin Bayan Motar Alhaji Siddiƙ

Ranar da jar motar marigayi Alhaji Siddiƙ ta ɓace, kafin a kira magariba mutanen unguwa sun gama bincike, sun yanke hukunci, har sun fara zartarwa. Mansur ne ɓarawon. Dalilinsu bai wuce biyu ba: shi ne ya riƙe makullin motar a makon da ya gabata, sannan baƙo ne daga Zariya, ba wanda ya san kakansa a Tambuwal. Matasa suka fasa masa leɓe, suka jefa keken ɗinkinsa a kwata, sannan 'yan banga suka karɓe shi suka kulle a ofishinsu.

Motar ba irin wadda ido ke mantawa ba ce. Tsohuwa ce, 'yar ƙarama mai ƙofa biyu, rufinta na tamfol ne da ake naɗewa baya a bar mutum a sarari. A bayan tamfol ɗin akwai taga ta roba wadda rana ta dafa shekara da shekaru har ta koma ruwan ƙasa, ba a ganin komai ta cikinta. Da aka raba gado motar ta faɗa hannun Hamdiyya, 'yar Alhaji, ma'aikaciyar jinya. Da ta yanke shawarar sayar wa wani mutumin Sakkwato, sai ta kai wa Mansur mai ɗinkin kujerun mota, ya farke robar ya ɗinka gilashi a gurbinta. Ranar da ya gama, rabin 'yan kasuwa sai da suka zo suka leƙa fuskarsu a ciki.

Ran Asabar gidan duka suka tafi biki Dogon Daji tun da safe. Da suka dawo da yamma suka tarar da gareji a buɗe, ba komai ciki sai ɗigon baƙin mai a ƙasa.

Washegari Hamdiyya ta aika a kira Ɗangiwa.

*

Ɗangiwa mai bin sawu ne, aikinsa shanun sata. Tsoho ne siriri mai saurin fushi, kuma in dai akwai sawu a ƙasa da hadari a sama, ba ya iya zama. A wannan safiyar kuwa akwai duka biyun. An yi ruwan shuka shekaranjiya, ƙasa ta yi laushi tana riƙe duk abin da ya taka ta, amma gabas ta fara haɗa wani hadarin. In ya sauko, magana ta ƙare.

Da ya ga bakin garejin sai da ya yi tsaki. Duk mai ƙafa a unguwar ya zo ya taka wurin, har da awaki. Ya faɗa wa jama'a abin da yake tunani game da hankalinsu, ba wanda ya ji haushi domin an saba.

Hamdiyya ta fito da kayan aikinta a jiki, idonta ya nuna ba ta yi barci ba. Ta gaishe shi, ta ce, "Baba, na roƙi 'yan banga su dakata zuwa la'asar. In ba ka zo da wata magana ba, 'yan sanda za su tahi da yaron ga, ni kau ba ni iya hana su."

"Ke kin yarda shi na?"

"Ban san abin da niy yarda da shi ba. Shi ya sa nik kira ka."

Wanta Mudassir, wanda ke kula da gonakin gidan, ya ce ɓata lokaci ne kawai, a matse Mansur zai faɗi inda ya kai ta. Ya faɗi haka da ƙarfi, ya sake faɗa, har Ɗangiwa ya juyo ya dube shi da kyau.

A kan benci a gindin bango dattawa ke zaune suna jajantawa. Cikinsu akwai Sambo, wanda ya tuƙa Alhaji a wannan motar tun tana sabuwa har ranar da aka kai shi makwanci. Shi da Ɗangiwa tare aka yi musu kaciya, tare suka yi kiwo, kuma ba su taɓa haɗuwa ba tare da zagin wasa ba. Ɗangiwa ya tsaya gabansa, Sambo bai ɗago ba. Sai da ya ce, "Kai tsohon banza, ba ka gaida manya?" sannan Sambo ya yi murmushi ya miƙo hannu, amma hannun ya nufi gefe kaɗan, kuma na hagu ne. Ya ce na daman sanyi ya kama shi. Ɗangiwa ya ce ai tsufa ne, ba sanyi ba, ya wuce. Hankalinsa yana kan hadari.

Ɗan'iya maigadi ya rantse da duk abin da ya sani cewa bai motsa daga bakin ƙofa ba. Ɗangiwa bai yi masa musu ba, ya dai tsura wa takalminsa ido, inda baƙar laka ta fadama ta bushe. Ɗan'iya ya bi idon tsohon, ya ce to, gaskiya ya ɗan leƙa gona ya jefa iri, ruwan shuka ba ya jiran mutum. Ƙofar baya kuwa waya kawai ya ɗaura mata. Da aka tambaye shi wa ya yi masa maganar motar a 'yan kwanakin nan, ya ce wa ma bai yi ba? Mai shayi, ladan, Baba Sambo da ya zo gaisuwa, har mata masu talla, kowa ya ji za a sayar. Sannan ya sassauta murya ya ƙara da cewa Mudassir bai ji daɗin rabon gadon nan ba, kuma an ce jiya ya bar wurin biki tun kafin azahar.

*

A ofishin 'yan banga Mansur yana zaune a ƙasa, leɓensa ya kumbura. Abin da ya fara tambaya shi ne ko an ciro masa kekensa daga kwata. Ɗangiwa ya ce bai sani ba, ya tambaye shi yadda ya yi aikin tagar.

Nan take muryar Mansur ta sauya, kamar ya manta inda yake. Ya ce roba tana lanƙwasuwa, shi ya sa masu irin wannan mota in za su sauke rufi sukan sari tsakiyar tagar da gefen hannu, ta ninke biyu ta shige ramin baya. Gilashi kuwa ba ya ninkuwa. Don haka ya ɗinka masa zif a kewaye: sai an zuge, an kwantar da gilashin a hankali, sannan a sauke tamfol a kansa. In aka sauke ba a zuge ba, zai cije, in aka matsa masa zai tarwatse. Ya ce ya nuna wa Hajiya Hamdiyya, ya nuna wa Ɗan'iya, har sai da ya sa kowannensu ya gwada a gabansa.

Ɗangiwa ya miƙe zai fita, Mansur ya riƙe bakin rigarsa.

"Baba, matata tana Zariya tana jiran in aika mata bayan damina. Na gaya mata na sami gari, mutanensa na kirki ne. Yanzu me zan ce mata?"

Ɗangiwa ba ya son irin wannan tambayar. Ya zare rigarsa ya fita da sauri.

*

Ɗangiwa ya ce Mudassir ne zai ɗauke shi a babur. Ya fi son wanda yake zargi ya kasance inda hannunsa zai kai.

Ƙofar bayan gidan tana fita ne kan tsohuwar hanyar Kebbe, wadda tun da aka yi sabuwa aka bar wa shanu da amalanke. A nan sawun ya fito fes, siraran tayoyi huɗu, ta bayan hagu ta ɗan cinye a gefe. Suka bi. Ɗangiwa yana ta dukan kafaɗar Mudassir, tsaya, tafi, a hankali, kai ba ka da ido ne? Iska ta fara kaɗa ganyen sabara, kuma duk sanda ya ɗaga kai sai ya ga hadarin ya ƙara matsowa.

Ba su yi nisa da gari ba sawun ya ratse gindin wani gawo ya tsaya. Ɗangiwa ya diro tun babur bai gama tsayawa ba. Mutum ɗaya ne ya fito daga motar, da takalmin fata mai faɗi. Ya tsaya ta hagu a gaba, ya zagaya ta dama a gaba, inda maƙalan rufin suke, sannan ya dawo baya ta hagu. A nan dugadugansa suka nutse cikin ƙasa, alamar ya danna wani abu da dukan ƙarfinsa. Kewaye da wurin kuwa ƙasa ta yi fari da ɓaraguzan gilashi, ƙanana kamar dakakkiyar kanwa.

Mudassir ya ce ga shi nan, ɗan banzan ya fasa abin da ya ɗinka da hannunsa.

"Wanda yaɗ ɗinka zif shi ka manta zif?" in ji Ɗangiwa. "Wanga mutum bai san an sa gilashi ba. Hannunai ya san motag ga, amma tsohuwar yas sani."

Ya faɗi haka yana kallon Mudassir, wanda ya girma a kujerar bayan motar. Daga nan Mudassir bai ƙara ambaton sunan Mansur ba.

Abin da ya dami Ɗangiwa daban ne. Gilashin nan wankakke ne, yana ƙyalli, robar kuwa ruwan ƙasa ce. Da rana tsaka, ko yaro zai ga bambanci tun daga nesa. Ta yaya mutum zai tsaya a kansa har ya danna bai lura ba? Kuma me zai sa ɓarawo ya buɗe rufin mota ya nuna wa duniya fuskarsa? Ya juya tambayar a ransa, bai so inda take nufa ba, ya ce su tafi.

*

Daga gindin gawon aikin ya yi sauƙi, domin ragowar gilashin ya riƙa zubowa kaɗan-kaɗan duk inda motar ta yi tsalle. A wata mararraba suka sami wata mai fura, Nasiha, ta sauke ƙwaryarta tana ɗaure zani saboda iska. Ta ce ƙwarai ta ga jar mota jiya da hantsi, ba rufi, da mutum ɗaya a ciki ya naɗe fuska da rawani.

Mudassir ya tambaya ko saurayi ne, yana gudu?

Ta yi dariya har da tafa hannu. "Gudu? Jakinmu da kaya ya kusa wuce shi. Ya miƙe wuya sama da gilas ɗin gaba awa mai leƙen katanga. Na ɗaga mai hannu, ina nan kusa da shi awa ni da kai, ko kallona bai yi ba."

Ɗangiwa bai sha furar da ta miƙo ba, abin da bai saba yi ba. Ya hau babur ya ce a tafi.

Can gaba, bayan sun shiga ƙasar Kebbe, hanyar ta miƙe sumul tsakanin gonaki, ba rami, ba dutse, ba sawun dabba ko na amalanke da zai sa a kauce. Amma a tsakiyar wannan fili sai sawun motar ya karkata hagu, ya yi baka mai kyau, ya dawo kan hanya. Ya kewaye wani abu da babu shi.

Ɗangiwa ya ce a tsaya. Ya sauka a hankali wannan karon. Ya taka zuwa tsakiyar bakan ya tsaya a kan ƙasa mai laushi.

Ya san wurin. A da akwai kututturen ƙirya a nan, baƙi, mai kai gwiwa, wanda ya ci ƙasan motoci da yawa. Bara waccan manoma suka haɗu suka tone shi. Shekarun baya, da aka sace shanun Alhaji, a cikin wannan jar motar aka ɗauko Ɗangiwa ta wannan hanya, rufi a buɗe, Alhaji a gaba, shi a baya. Duk sanda suka iso nan sai direban ya karya sitiyari hagu ba tare da ya duba ba, ya ɗaga wa kututturen hannu ya ce, sannu da zama, tsoho. A ranar ne ma Alhaji, yana dariya, ya dafa kafaɗar direban ya ce in ya riga shi tafiya motar tasa ce, tunda ta fi jin maganarsa.

Sai komai ya jeru a gabansa ba tare da ya nema ba. Hannun da ya nufi gefe da safe. Idon da bai gane shi ba sai da ya ji murya. Mutumin da ya buɗe rufi ba don ado ba, don gilashin gaba ya zame masa hazo, yana son haske da jin ƙarar hanya. Ɗangiwa ya ji haushin kansa, ya ji haushin Sambo, ya ji haushin manoman da suka tone kututturen. Mudassir ya tambaye shi me ya gani, ya ce ba komai, fitsari ne ya matse shi.

*

Sawun ya kai su inda Mudassir bai so ba, wato tsohuwar gonar Alhaji da ke kusa da Fakku, wadda shi ke nomawa yanzu. A ƙarƙashin rumfar kara da Alhaji kan huta a da, ga motar an lulluɓe ta da zana. An goge ta tas. An share ɓaraguzan gilashi daga kujeru an tara a cikin wata sakaina, an sa dutse a bayan tayar hagu. A bakin tamfol, inda tagar take, akwai ɗigon jini da ya bushe. Gefen rumfar kuma ga sawun babur ɗan kabu-kabu da ya ɗauki mutum ya koma da shi.

Mudassir ya zauna a ƙasa dirshan. Ya ce wallahi ba shi ba ne, ya bar biki ne don ya je ya ga wata bazawara da yake nema a ɓoye, kuma in matarsa ta ji ya shiga uku. Ya ce yanzu wa zai yarda da shi, mota a gonarsa? Ɗangiwa ya ce ya tashi ya daina kuka kamar ɗan akuya, ya tayar da mota.

Yayyafi ya fara kafin su fita gonar. Ɗangiwa ya ce a ɗaga rufi, ya koma gefe yana kallo. Mudassir ya ja tamfol ta nan, ya ja ta can, ya kasa gano inda maƙalan suke shiga har sai da tsohon ya nuna masa. Ashe duk zamansa a motar bai taɓa taɓa rufin ba, an saba yi masa. Suka bar babur wurin masu aikin gona suka kamo hanya, iska tana shigowa ta ramin baya tana kaɗa musu wuya.

A hanya Ɗangiwa ya kasa zama wuri ɗaya a kujerar. An sami mota, ai shi ne aikin da aka sa shi. Yana iya cewa sawu ya ɓace masa, ruwa zai rufa masa asiri kafin dare, ba mai ƙaryata shi. Mudassir ɗan gari ne, za a yi ƙus-ƙus a bari. Zargin zai koma inda ya fi sauƙin zama, kan baƙon da ba shi da kowa, a ce abokan satarsa ne suka ɓoye ta. Mansur saurayi ne, zai sami wani garin. Sambo kuwa ba shi da wani gari, ba shi da wani suna sai wanda ya tara a wannan. Sau biyu Ɗangiwa ya yanke shawarar yin shiru, sau biyu kuma ya ji hannun Mansur yana riƙe masa bakin riga. Da suka zo wurin bakan, Mudassir ya bi ta tsakiya ya wuce abinsa.

*

Sun shigo Tambuwal ana sallame la'asar, gari ya yi duhun hadari. Kafin motar ta tsaya a tsakar gidan, jama'a sun cika shi. 'Yan banga suka kawo Mansur. Da aka ji inda aka samo motar sai kallo ya koma kan Mudassir, amma ba a daɗe ba wani ya ce ai dabara ce, baƙon ya kai ta can ne don a zargi ɗan gida. Nan da nan maganar ta sami masu goyon baya. Sambo yana nan a kan bencinsa, hannun dama cikin riga.

Ɗangiwa ya ce a yi shiru. Ya bayyana abin da ya gani a gindin gawo, sannan ya ce yana son mutum uku su sauke rufin motar, ɗaya bayan ɗaya.

Mansur ya fara. Ya cire maƙalai, ya zagaya baya, hannunsa ya tafi kai tsaye kan zif ya zuge, duk da babu gilashin da zai kwantar. Aka mayar. Ɗan'iya ya zo, shi ma zif ya fara nema. Mudassir ya zo ya yi ta kokawa da maƙalin farko har wasu suka yi dariya, Ɗangiwa ya ce ya bari haka, ya ga irin wannan a gona.

Shugaban 'yan banga ya ce to, in ba wannan ba, ba wancan ba, wa ke nan? In babu, su za su tafi da wanda ke hannu. Ya kama Mansur a damtse.

Ɗangiwa ya tsaya yana murza sandarsa. Iska ta kwashi wani buhu ta maka a bango. Da Ɗangiwa ya yi magana, ba da muryar wasan da suka saba ba ce.

"Sambo. Taso ka gwada ma yaran ga yadda aka sauke rumfa."

Wasu suka yi murmushi, sun ɗauka girmamawa ce ga tsohon direba. Sambo ya daɗe bai motsa ba. Sannan ya tashi, ya tako yana jan ƙafa kaɗan kamar mai tambayar ƙasa hanya, har gwiwarsa ta taɓa motar. Daga nan ya zama wani mutum. Hannunsa ya cire maƙalin hagu, ya zagaya ya cire na dama, ko laluba bai yi ba. Ya dawo baya ta hagu, ya ɗaga tamfol da hannu ɗaya, ya fito da na daman daga riga, naɗe da tsumma mai jini, ya ɗaga shi ya sari tsakiyar tagar da gefensa. Hannun ya faɗa cikin ramin har gwiwa. Ya bar shi a nan.

Sambo ya juyo da fuskarsa wajen da ya ji muryar abokinsa.

"A ina kag gane ni?"

"Wurin kututturen ƙirya. Ka kauce mai."

"To mi za ni yi, in hau shi?"

"An tone shi, Sambo. Tun bara waccan."

Sambo ya juya maganar a ransa. Wannan ce ta karya shi, ba kamun ba. Ya zaro hannunsa ya dafa motar, ya ce ya fi shekara yana ɓoye yanar da ta rufe masa ido, ko 'ya'yansa ba su san ta kai haka ba. Ya ce da ya ji za a kai motar Sakkwato wurin wanda bai san ta ba, sai ya kasa barci. Alhaji ya ce tasa ce, amma ya ji kunyar zuwa ya faɗa wa marayu, kada a ce tsohon bara ya zo cin gado. Makullin da Alhaji ya ba shi tun da can yana wuyansa, ba wanda ya taɓa tambaya. Ya ce niyyarsa kawai ta kwana biyu a inda suka saba ajiye ta har mai sayen ya haƙura.

Hamdiyya ta dubi Ɗangiwa, hawaye a idonta, ta tambaya ko gaskiya ne babanta ya faɗi haka. Ya ce ya faɗa, a gabansa, yana dariya amma ya faɗa. Ta ce maganar mota za su zauna da malamai da 'yan'uwa, kuma ba za a kira 'yan sanda ba. Amma akwai wanda hakkinsa ba a hannunta yake ba. Ta juya ga Mansur ta ba shi haƙuri a gaban kowa, ta ce ya faɗi abin da yake so a yi.

Mansur ya shafa leɓensa. Bai ɗaga murya ba.

"Hajiya, ban damu da motar ba. Jiya da ake dukana a ƙofar gidan nan, Baba Sambo yana zaune a kan bencin can. Na yarda bai gani ba. Amma ai ya ji."

Matasan da suka yi dukan suka riƙa duban ƙasa. Mansur ya ce abin da yake so shi ne gobe da hantsi Baba Sambo ya zo ƙofar shagonsa, a cikin kasuwa, ya faɗi da bakinsa wanda ya ɗauki motar, kuma waɗanda suka jefa kekensa a kwata su ciro shi su wanke. Sambo ya ce zai zo. Ya ciro igiyar makulli daga wuyansa ya miƙa wa Hamdiyya, amma ya miƙa inda ba kowa, sai da ta matso ta karɓa.

Sai ruwan ya sauko gaba ɗaya. Jama'a suka watse neman mafaka. Mansur, da ba wanda ya sa shi, ya ɗauki buhun da iska ta yar ya toshe ramin tagar kada kujeru su jiƙe.

Ɗangiwa ya je ya kama hannun Sambo zai kai shi gida. Sambo ya zare hannunsa, ba da faɗa ba, ya ce ya san hanya. Ya fita ta ƙofar gaba cikin ruwan, yana bin bango da yatsunsa.

Ɗangiwa ya tsaya a zaure yana kallon ruwa yana cinye duk sawun da ke tsakar gidan. Da ya yi jinkiri kaɗan da safe, da ya tsaya shan furar nan, da yanzu ba abin da ya rage a hanyar Kebbe. Ya san ya yi daidai, kuma sanin bai rage masa komai ba. Tsakanin nan da gidan Sambo akwai kwalbati da aka haƙa aka bari a buɗe. Ya naɗe ƙafar wandonsa ya fita, ya bi bayansa daga nesa, yana taka ƙasa a hankali don kada tsohon ya ji.